Kafin ka sa wa mod ɗinka farashi

Ƙannena masu raba dare a gaban kwamfuta kuna ƙera makamai da tufafi da taswirori domin wasannin bidiyon da kuke ƙauna, da ku nake magana, musamman waɗanda suka fara tunanin lokaci ya yi da wahalarsu za ta zama kuɗi. Ban ga laifin wannan tunani ba. Wanda ya shafe wata uku yana gyara yadda haske ke sauka a kan ruwa, wasan yana tsayawa cak yana sake kunna shi, ya yi aiki na gaske, kuma ba a raina gumi. Sai dai mod, kamar yadda 'yan harkar ke kiran irin wannan kwaskwarima, gini ne a filin wani, kuma mai fili yana da ta cewa.

Doguwar yarjejeniyar nan da kuka danna amincewa da ita ba tare da kun karanta ba, a cikinta maganar take. Kamfanin Mojang ya yarda a yi wa Minecraft mod a raba wa jama'a, amma ya hana a sayar. Kamfanin EA ya fayyace a shekarar 2022 cewa mod ɗin The Sims 4 kyauta ne, ko da yake ya bar ƙofar karɓar gudummawa, ya kuma yarda masu tallafa maka su riga kowa samu na ɗan lokaci kafin a sake wa jama'a. Wanda yake ganin waɗannan sharuɗɗa barazana ce kawai, ya duba shari'ar da aka yanke a Amurka a 1998. Kamfanin Micro Star ya kwaso matakai 300 da 'yan wasa suka ƙirƙira wa Duke Nukem 3D, ya zuba su a faifai ya kai kasuwa, kotun ɗaukaka ƙara kuwa ta ga cewa matakan sun tsiro ne daga labari da hotunan wasan asali, don haka cin riba da su ba da izini ba shiga haƙƙin masu mallakar wasan ne.

Amma ba kamfanoni ne suka fi damuna ba, domin suna da lauyoyin da za su kare su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haƙƙin ɗan'uwanka mai yin mod, wanda ba shi da kowa. A watan Afrilun 2015, kamfanin Valve, mai dandalin sayar da wasanni na Steam, da kamfanin Bethesda, mai wasan Skyrim, suka buɗe sayar da mod ɗin Skyrim a dandalin, a bisa rabon da ya ba mai mod kashi 25 cikin ɗari, Bethesda 45, Valve 30. Ba a je ko'ina ba aka janye wani mod na kamun kifi, saboda ya dogara da aikin motsin jiki da wani mutum dabam ya yi ya bayar kyauta, kuma ba a nemi yardarsa ba kafin a sa farashi. Masu wasa suka yi caa, tsarin bai cika mako guda ba aka soke shi aka mayar wa mutane kuɗinsu. Ku lura cewa a wannan karo masu mallakar wasan da kansu ne suka ba da izini, doka ba ta hana komai ba, amma duk da haka abin ya watse, domin shekara da shekaru mutane suna aron aikin juna a bisa fahimtar cewa babu mai cin riba, sai ga kuɗi ya shigo tsakani.

Saboda haka ka buɗe jakar fayilolinka ka duba da idon gaskiya. Wannan zanen bangon dutse, kai ka zana shi ko ka sauko da shi ne daga wani wuri? Ƙaramar manhajar da ke sa sababbin umarninka su yi aiki, wa ya rubuta ta, kuma me ya ce game da kasuwanci? Sau da yawa amsar tana nan a ɗan rubutun da ke ƙasan shafin, inda mai aikin ya ce a yi amfani da shi amma kada a sayar. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma a wannan harka mutane suna gane aikin juna da kallo ɗaya.

Sai kuma haƙƙin mai saye, wanda matasa suka fi mantawa da shi. Muddin kyauta ka bayar, idan kamfani ya sabunta wasa mod ya daina aiki, babu mai binka bashi. Ranar da ka karɓi kuɗi kuwa ka ɗauki alkawari, ko ka furta ko ba ka furta ba, kuma wanda ya biya ya wayi gari wasan da ya yi sa'o'i ɗari yana bugawa ya ƙi buɗewa, yana da damar ya neme ka. Idan jarrabawa ko aiki za su ɗauke ka wata shida, ka faɗa masa tun kafin ya biya.

Ba ina cewa ku haƙura da samu ba ne. Counter-Strike ya fara ne a matsayin mod na Half-Life a 1999, Valve ya sayi haƙƙinsa ya ɗauki masu shi aiki, kuma an fara sayar da Garry's Mod a Steam a 2006 da yardar Valve. Ita kanta Bethesda ta dawo da tsarin biya a ƙarshen 2023, inda ake tantance mutum kafin ya fara sayarwa. Duk waɗannan ta ƙofa suka shiga. Abin da ba na so in ga kun saba da shi shi ne dabarar nan ta kulle mod har abada a Patreon, shafin da masoya ke biyan masu ƙirƙira kuɗin tallafi, a ce gudummawa ake karɓa, alhali wanda bai biya ba ba zai taɓa samu ba. Wannan ciniki ne, kuma canza masa suna ba zai hana takardar lauya zuwa ba.

Idan ka samu aikin wani a cikin naka, ka rubuta masa saƙo, ka ambaci fayil ɗin da sunansa, ka gaya masa nawa kake son sayarwa da abin da za ka ba shi. In ya amince, ka adana amsar. In ya ƙi, ko ya yi shiru, ka cire fayil ɗin ka zauna ka yi naka, ko da zai ƙara maka wata guda.