Daren da na gaida surukina daga sama

Ranar Alhamis ɗin da Afirka ta Kudu ta fitar da sunayen 'yan wasan da za su buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta zari-ruga da Niyu Zilan, ƙarshen Oktoban 2023, ni kaɗai ne a duk majalisar teburin Malam Idi na san an yi wani abu a duniya. Kun dai san yadda zari-ruga ya shiga raina tun lokacin da na yi jinyar ƙafa ina kwance ba aiki sai latsa waya. Sauran kuwa ba su da zance sai Madrid da Basalona da za su kara ranar Asabar, sai kuma damben Ngannou da Fury a Riyad. Na sa aka haɗa mini kauri, na jira aka idar da Isha majalisa ta cika, sannan na ce jama'a a ba ni aron kunnuwa.

Da kayan teburin na yi musu bayani. Na jera ƙwai takwas na ce ga ƙartin gaba, masu turereniya da kokawar ƙwato ƙwallo. Na jera ƙwayar sukari bakwai a bayansu na ce ga masu gudu da bugu. Sha biyar ke nan a fili. A benci kuma mutum takwas ake ajiyewa, kuma abin da kowa ya saba shi ne ƙarti biyar, masu gudu uku. A 2019 kocin Afirka ta Kudu, Rassie Erasmus, ya mayar da shi shida da biyu, ya je Yokohama ta Japan ya lallasa Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe. Yanzu shi da Nienaber, wanda ya gaje shi a matsayin koci, sun ce bakwai da ɗaya. Na ƙara ɗebo ƙwai bakwai daga kiret na jera a gefe, na ɗora sukari guda tal kusa da su na ce wannan shi ne Willie le Roux. Malam Idi bai ce komai ba, amma idonsa na kan ƙwansa.

Hikimar a fili take. Wasan minti 80 ne, ƙartin can za su kwashe minti hamsin suna turereniya har numfashinsu ya ƙare, sai kawai ka kwashe naka kusan duka ka zubo sababbi fil waɗanda ko gumi ba su yi ba. A watan Agusta sun gwada shi a kan Niyu Zilan ɗin nan a Twickenham, aka tashi 35 da 7. Ina cikin wannan, har Bala Direba ya fara gyaɗa kai, sai Ilu mai caji ya ɗago daga wayarsa.

"To idan sukari biyu suka karye fa?"

Na ce akwai Kwagga Smith, ya buga wasan 'yan bakwai-bakwai, yana da gudu, zai toshe. Ya ce idan uku suka karye fa. Na ce Ilu wannan ba asibitin ƙashi ba ne. Ya ƙara latsa waya ya ce ga shi an rubuta sun yi bakwai da ɗayan nan da Ailan an cinye su 13 da 8, kuma ko mai canjin lamba tara ba su ajiye ba, idan ɗan guntun nan mai gashi ya faɗi shike nan. Faf de Klerk yake nufi, lamba taran, mai ɗebo ƙwallo daga wajen ƙarti ya miƙa wa masu gudu. Mutumin da minti goma da suka wuce bai san ƙwallon ba zagayayya ba ce.

Ilu ke nan. Duk Tudun Wada ba wanda bai san halinsa ba, in ka ce rana ta fito sai ya leƙa waje ya ce ai bai gama fitowa ba. Shi ne fa na kai wa waya caji lokacin da taransifomarmu ta ƙone, na karɓo ta da wani batir da ya kumbura har murfi ba ya rufuwa, ya rantse mini da haka na kawo ta. Dubu ukun da ya ranta a hannuna da azumi, wai zai sayi man janareta, har yau in na yi zancen sai ya ce ai lissafi ne tsakaninmu. Wane lissafi? Ranar sunan Walida shi ya fara zuwa, shi ya zauna kusa da kular nama, kuma da aka tashi da idona na gan shi ya cusa ledar cincin a aljihun gaba. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Na dai danne zuciya na ci gaba. Na ce ku tuna wasan kusa da na ƙarshe da Ingila, ana ruwan sama, an kusa fitar da su. Wa ya cece su? Ox Nché ne ya taso daga benci ya riƙa murƙushe mutanen Ingila a turereniya har alƙali ya ba da fenariti, Pollard ya buga daga kusan tsakiyar fili ana saura minti biyu, 16 da 15. Shi ya sa wannan karon aka fara da Pollard, aka bar Libbok, wanda ya fara wasan Ingila a gurbinsa, ko a bencin ma babu shi. Sannan ga jifa daga gefe: idan ƙwallo ta fita, lamba biyu zai jefo ta tsakiyar layi biyu, mutum biyu su cicciɓi dogonsu sama ya cafke. Etzebeth ya haura mita biyu, ya fi kilo ɗari nesa, amma haka ake ɗaga shi.

Ilu ya ce ƙarya ne, haɗin kwamfuta ne.

Abin da ya jawo komai ke nan. Na miƙe na ce Bala zo nan, Sadi Gwanjo kai ma taso. Ai kun san Sadi, dila guda yake saɓawa daga bakin titi zuwa cikin Kasuwar Barci ba ya hutawa. Na tsayar da Bala a gabana, Sadi a baya. Na ce wa Bala ka kama cinyoyina saman gwiwa, na ce wa Sadi kai kuma ka tallafo daga ƙasan mazaunai, in na ce uku zan yi tsalle ku kuma ku miƙe hannuwa. Cinya na ce. Akwai shaidu, Malam Idi ma ya ji. Babu ƙwallo, sai Ilu ya ɗauko burodi mai yanka-yanka daga kan tebur ya ce shi ne lamba biyu. Ina sanye da farar shaddata ta ɗaurin auren Garba, na naɗe rigar zuwa ƙugu, na danna hula.

Ɗaya, biyu, uku.

Gaskiya ɗagawar ta yi kyau. Sai ga ni a sama ina hango rufin rumfar Malam Idi, har da wani takalmin yaro da ya daɗe a kai, ina hango fitilar mai tsire a can bakin layi. Na ɗaga hannu biyu ina jiran burodi. A nan na ji wani ɗan sauti, ɗas, a daidai cibiyata. Ashe Sadi wando ya damƙa ba cinya ba, ya tattaro shi ya yi sama da shi, zariya ta ce ba da ita ba. Ban damu sosai ba a lokacin, don hannun Sadi na riƙe da komai.

Sai na ji sallama.

Daga saman nan hula na fara gani, zanna bukar mai ruwan toka, kuma na san hular don ni na saye ta da Babbar Sallah. Alhaji ne, baban matata Maman Walida, shi da Liman. Mutumin da ke Unguwar Sanusi, wanda rabonsa da layinmu tun ranar suna. Ashe ta'aziyya ya zo gidan Liman, aka rako shi neman Keke. Majalisa ta yi tsit. Ilu kuwa ya riga ya saki burodi, ya bi ta tsakanin hannuwana ya wuce, ya faɗi gaban Liman leda ta fashe.

Sadi yaro ne mai tarbiyya, wannan ba a ƙwace masa ba. Yana ganin Alhaji ya durƙusa. Bai saki wandon ba, da shi ya durƙusa. Na ji iska ta bugi inda ba ta saba bugu ba. Bala kuma da ya ji nauyi ya dawo kansa shi kaɗai sai ya rungume gwiwoyina ya ƙanƙame, fuskarsa a cikin rigata, bai san me ake ciki ba, yana ta tambaya daga ciki, "Ka cafke? Oga ka cafke?" Rigar da zan saki ta rufa mini asiri kansa ya tokare ta. Gajeren wandon da ke ciki kuwa na Arsenal ne, ja, wanda Sadin da kansa ya sayar mini.

Shekara nawa ina surukin Alhaji ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. In na hango shi a hanya nesa nake cire takalmi. Yau ga ni a sama da shi, hannuwa a sama, ina kallon tsakiyar hularsa. Ba halin durƙusawa, ƙafafuna ba a hannuna suke ba. Na dai sunkuyar da kai iya yadda wuya zai iya, na haɗa hannu biyu a sararin Subhana na ce, "Baba, barka da dare."

Alhaji bai ɗago ba. Ya tsura wa gwangwanin madarar Malam Idi ido ya ce, "Barka kadai, Malam Habu. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya iyali?"

"Suna lafiya, Baba."

"Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Madalla. To, a ci gaba."

A ci gaba! Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya kammala gaisuwar nan tsaf bai tsallake ko ɗaya ba, har da ya jikin Walida, ni kuma ina amsawa daga sama Bala yana tangaɗi da ni hagu da dama. Liman ya duƙa ya tsince burodin yanka bayan yanka, yana hure ƙasa yana karanta wani abu a hankali, ya miƙa wa Malam Idi ya ce abinci ba abin wasa ba ne. Wa ya kalla da ya faɗi haka? Ni. Wanda ya jefa yana tsaye a gefe ya harɗe hannu a ƙirji kamar mai bin sallah.

Sai da suka sha kwana Bala ya gaji ya sake ni. Na sauko a kan gefen tebur, ƙartin benci huɗu suka gangara suka fashe. Malam Idi ya buɗe littafinsa ya rubuta ƙwai huɗu, burodi ɗaya, sukari takwas wai an taɓa da hannu, duk a shafina. Na ce burodin ai Ilu ne ya ɗauka. Ya ce wa ya kawo wasan?

Ranar Asabar na je gidan kallon Ɗan Asabe da ƙarfe takwas saura. 'Yan Madrid sun cika wurin da ihun Bellingham tun la'asar, sauran suna jiran dambe. Sai da na biya kuɗin mutum biyar kafin ya yarda ya juya mini ƙaramar talabijin ta kusa da janareta. Ko minti biyar ba a yi ba Mbonambi, lamba biyun, ya ji ciwo a gwiwa aka fitar da shi, Deon Fourie ya shigo, wanda yawancin wasanninsa na shekarun nan ba a wannan gurbin yake bugawa ba. Aka ba kyaftin ɗin Niyu Zilan, Sam Cane, jan kati. Pollard ya buga fenariti huɗu duka suka shiga, De Klerk ya yi minti tamanin ɗinsa bai karye ba, aka tashi 12 da 11, kofi na huɗu. Na juya in nemi Ilu, aka ce ya tafi ɗauko caja. Da ya dawo na gaya masa, ya ce da maki ɗaya? Ai wannan sa'a ce ba dabara ba. Wani yaro da ban ma sani ba ya leƙo ya ce, "Oga Cafke, an ci ne?"

Ranar Lahadi Maman Walida ta je gida ta dawo da wata baƙar leda ta ajiye mini a kan gado, ta ce in ji Hajiya, ta fita da sauri tana toshe baki da mayafi. Zariya ce, sabuwa, irin mai kaurin nan, har guda uku. Ba wani saƙo.

Telan da ya ɗinka shaddar ya ce shi ba ruwansa, zariyarsa ta zama ce da tafiya. Sadi kuma har yanzu yana cewa wando na ce masa. Maganar sukari takwas ɗin ma ban biya ba tukuna, don da idona na ga Malam Idi ya mayar da su cikin kwali.