Makaho na da sarki, daƙiƙi fa?

Ranar da makarantar su ɗana ta aiko ana son ganina, da shirin ba da haƙuri na tafi. Haka muka taso a Katsina: in makaranta ta kira iyaye, yaro ya yi ɓarna ke nan. Kuma na san inda gizo ke saƙar. Shekarar yaron bakwai a lokacin, baki gare shi kamar aku, in ya kalli abu a talabijin zai mayar maka da shi tsaf har da abin da kai ba ka lura ba. Amma a miƙa masa littafi, sai ciwon ciki, sai fitsari, sai hawaye. Ni da babansa mun riga mun yanke cewa ƙyuya ce, kuma kar in yi ƙarya, na sha ɗaga masa murya, wata rana har da ranƙwashi.

Wadda ta zauna da ni ba malamar ajinsu ba ce. A Ingila doka ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta ware malami guda mai kula da yara masu buƙata ta musamman, to ita ke riƙe da wannan kujera. Ta baje min littattafansa, ta nuna min inda ya rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi guda, da inda ya cinye cikin kalma ya bar kai da ƙafa. Ta ce suna zaton disleksiya ce, wato matsalar da ke sa karatu da rubutu su yi wa mutum wuya ko da yana da kaifin hankali, ya kamata a gwada shi. Sauran bayaninta ban ji shi sosai ba, domin hankalina ya riga ya tafi gida, wurin autanmu.

Autanmu sau biyu ya maimaita aji huɗu. "Daƙiƙi" ya zame masa kamar sunan yanka. Bulala kuwa, ta makaranta daban, ta gida daban. Hajiyarmu ta shiga neman taimako, aka yi ta ɗura masa rubutun kaifin ƙwaƙwalwa, wata ta ce sammu ne, wata ta ce shafar iska. Daga ƙarshe Baba ya ce boko ba rabonsa ba ne, ya kai shi garejin wani amininsa. Yau in mota ta shigo, tun kafin a buɗe gabanta ya gane ciwonta daga ƙarar inji, kuma yara shida ke koyon aiki a ƙarƙashinsa. Amma har gobe saƙon murya yake aiko min a WhatsApp. In na rubuta masa, sai ya bugo ya ce, "Yaya, hannuna duk baƙin mai ne, me kika ce?"

Wajen neman inda za a gwada ɗana na ci karo da sunan Helen Arkell, saboda cibiyar da ke ɗauke da sunanta tana yankin Farnham, ba nisa da Guildford inda nake aikin jinya. An haifi matar a 1920. Mahaifinta jami'in jakadancin ƙasar Nowe ne, don haka ta taso ana yawo da ita daga ƙasa zuwa ƙasa, daga wannan makaranta zuwa waccan. Ta iya harsuna da dama a baka, amma karatu da rubutu suka tsaya mata a wuya, ta girma tana ganin kanta mara ƙwaƙwalwa. 'Yar manya ke nan fa, a tsakiyar Turai. Sai da ta zama cikakkiyar mace, aka gano matsalar a jikin wani yaro na danginsu a Denmak, sannan ita ma ta san sunan abin da ya dame ta tun ƙuruciya. A Denmak ɗin akwai Edith Norrie, wadda ita ma da matsalar ta taso, ta kuma kafa cibiyar abin da a lokacin ake kira "makantar kalma" a 1939.

Helen ta koyi aikin, ta shiga koyar da yara a Ingila ɗaya bayan ɗaya. A 1971, tana da shekara 50, ita da wasu mata biyu, Joy Pollock da Elisabeth Waller, suka buɗe cibiya a Landan, suna gwada yara, suna koyar da su, suna horar da malamai. Sai a 1999 aka ba ta lambar girma ta MBE. Ta rasu a watan Agustan 2019, tana da shekara 99.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne irin ƙasar da ta yi aikin a cikinta. Tun 1896 wani likita Bature, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin hankali, gwanin lissafi, wanda ko sunansa ya zo rubutawa sai ya juya haruffan. Duk da haka, a zamanin da Helen ta fara, hukumomin ilimin Ingila ba su yarda akwai wani abu wai disleksiya ba. Ba'a ma ake yi, ana cewa ciwon 'ya'yan masu hali ne, uzurin da iyaye suka ƙago don kar a ce ɗansu daƙiƙi ne. Sai a shekarun 1980 gwamnati ta fito fili ta amsa. Mu kan ce Turawa sun wuce mu ne saboda kuɗi. A wannan fanni dai ba kuɗin gwamnati ne ya fara ba. Mata ne 'yan ƙalilan, yawancinsu iyaye da malamai, suka zauna da yaran da kowa ya sallama, suka nace har hukuma ta ji kunya.

Akwai wani akwatin haruffa da Edith Norrie ta ƙirƙiro, wanda cibiyar Helen ta yaɗa a Ingila. Ba a jera haruffan daga A zuwa Z ba, an kasa su ne bisa inda sautinsu ke fita, na leɓe gefe guda, na bakin harshe gefe guda, na can ciki gefe guda, ga ɗan madubi don yaro ya kalli bakinsa yayin da yake furtawa. Da na karanta wannan, dariya ta kama ni. Ai makhraji ke nan, abin da malamar tajwidinmu ta Islamiyya ta yi ta fama da mu a kai. Kuma duk abin da masanan nan ke nanatawa, cewa yaro ya ga harafi, ya furta shi, ya ji shi, ya rubuta shi da hannunsa, ya kuma tafi da saurinsa ba da saurin aji ba, wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Haruffan ma an raɗa masu sunayen da ke zana kamanninsu a ido, irin su mim jaye da ha kuri. Kowa da allonsa, ba a wanke maka sai ka iya. Ba ina cewa tsangaya ta warware matsalar ba, dorinar gardi ta kori irin su autanmu da yawa. Amma kayan aikin ba baƙi ba ne a wurinmu. Haƙurin amfani da su a kan wanda ya makara ne muka rasa.

Sai kuma suna. Bahaushe ya san makaho, ya san kurma, ya san gurgu, ya san kuturu, har sarauta ya yi masu. Makarantunmu na musamman ma hanyar suka bi: ta makafi a Gindiri tun 1953, ta Tudun Maliki a Kano ta kurame da makafi. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 abin a yaba ce, sai dai in ana maganarta, keken guragu da sandar makaho ake hangowa. Yaron da idonsa garau, kunnensa garau, ƙafarsa garau, amma haruffa suka ƙi zama masa, ba shi da sarki, ba shi da makaranta, ba shi da suna sai na zagi. Makaho in ya yi tuntuɓe ana cewa sannu. Shi wannan in ya yi tuntuɓe a kan kalma, sanda ake ɗaukowa.

Ƙungiyar disleksiya ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1972, tana cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na da matsalar, huɗu cikin ɗari mai tsanani. Ko rabin haka ne a wurinmu, sai a ƙirga a ajin da aka cusa yara tamanin. Wani abin kuma da ke ɓoye su shi ne Turanci. Bokon Hausa galibi yadda aka rubuta haka ake karantawa, ko da yake b da d da ɓ da ɗ kan rikita irin waɗannan yara. Turanci kuwa ba shi da alƙibla, haruffa iri ɗaya a furta su iri biyar. To yaron da aka fara wa karatu da harshen da bai ji ba tun daga nazare, ta yaya malami zai bambance wanda Turanci ne bai iya ba da wanda harafin ne ke gagararsa? Duk sai a zuba su a kwando ɗaya.

Kar wani ya ɗauka nan aljanna ce. Cikakken gwaji yawanci da kuɗinka za ka yi, ɗaruruwan fam, kuma mu ma sai da muka matse aljihu. Takardar tallafi ta hukuma da ake yi wa masu buƙata mai nauyi doka ta ce mako 20, amma iyaye da yawa suna wuce haka nesa suna jira. Ɗan talaka a nan ma yakan sulale ba a gano shi ba. Bambancin dai shi ne ba wanda zai daki ɗana don ya kasa karatu, akwai wadda aikinta ne ta zauna da shi da wasu yara uku irinsa sau da dama a mako, kuma in ya kai jarrabawar sakandare yana iya samun ƙarin kwata na lokaci.

Muna da Jami'ar Jos da kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo suna yaye malaman wannan fanni. Amma a gida wane malami ake yabo? Wanda ɗalibinsa ya zo na ɗaya, wanda ya kai yara gasar kacici-kacici suka ciyo kofi. Malamar da ta shafe zango guda tana lallaɓa yaro har ya haɗa "ba" da "ba" ya karanta baba, ban taɓa jin an kira sunanta ranar rabon kyaututtuka ba. Na tabbata akwai su, a Funtuwa, a Maraɗi, a Azare, suna yi bayan an tashi ba tare da sun san sunan abin da suke yaƙa ba. Ita Helen shekara kusan talatin ta yi da buɗe cibiyarta kafin a rataya mata lamba, amma dai an rataya.

Bayan sakamakon ɗana ya fito na kira autanmu. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na gaya masa abin da aka gano, da cewa yana bin jini, da cewa ina ganin shi ne ya dame shi tun yana yaro. Ya yi shiru har na zaci layi ya katse. Can ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe abin har suna gare shi." Sai ya ce 'yarsa ta biyu, mai aji uku, malaminsu ya fara cewa gado ta yi. Ya ce in sake faɗa masa sunan a hankali, a saƙon murya, zai je makarantar da kansa ranar Litinin.