Motar Hajiya

A garin nan namu na Kano akwai wata Hajiya da ban taɓa sa ta a ido ba, amma na tabbata duk Arewa babu mai yawan motocinta. Kowace motar hannu aka kawo kasuwa, ita ce ta hau. Ba ta gudu, ba ta fitar dare, ba ta taɓa wuce Na'ibawa ba. Daga gida sai asibiti, sai gidan biki ranar Asabar. Dalilin sayarwar ma kullum ɗaya ne: Alhaji ya sake mata sabuwa. To, ni ma cikin motocinta na samu rabona.

Abin da ya kai ni kuwa, gajiya na yi da zaman gaba a adaidaita sahu, rabin jikina a ciki rabi a titi. Ga uwargida kullum sai ta ba ni labarin wanda ya yi mota a unguwa, ba tare da na tambaye ta ba. Da kwasar adashen ofis ta zo kaina, sai na haɗa da kuɗin ɗan filin da na sayar, na ce bana ni ma sai an yi mini Allah ya tsare hanya.

Yayana ya ce kada in kuskura in ba da ko sisi sai bakanike ya duba. Na je wajen wani a bayan layinmu, ya ce zai bi ni, amma sai na ba shi kuɗin dubawa. Na ce dubawa kawai? Ba gyara ba? Da idon da Allah ya ba shi kyauta? Na kama gabana. Ai ni ma na daɗe ina ganin motoci suna wucewa.

A teburin mai shayi aka haɗa ni da dillalin. Tun gaisuwar farko ya naɗa mini Alhaji, ni da ko sansanin alhazai ban taɓa leƙawa ba. Ya ce Camry ce, wadda ake kira Big Daddy, 'yar 2006, fulogi huɗu, fentinta na asali, mai kuwa sansanawa kawai take yi. Wannan maganar ta mai ita ta fi shiga raina, don tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya koma tambayar cikin mota kafin fuskarta.

Ban taɓa ganin mutum mai kula da jin daɗin baƙo irin dillalin nan ba. Ya ce kada in wahalar da kaina da safe, in bari sai rana ta yi sanyi, dab da magariba. Da na iso na tarar ya riga ya tayar da ita, ya kunna mini na'urar sanyi, wai don kada in shiga zafi. Injin an wanke shi tas, babu ɗigon mai ko ɗaya. Rediyo ma ya ƙure mini shi don in ji daɗin sifika. Na ce a raina har yanzu akwai mutanen kirki.

Ni ma fa ban yi wasa da nawa binciken ba. Na daki tayar gaba da ƙafa, na zagaya na daki ta baya. Na danna oda. Na kara tafin hannu a ramin sanyi. Ya ɗaga bonet, na harɗe hannuwa a baya, na leƙa, na gyaɗa kai na ce, "Injin na nan." Ya ce, "Alhaji, ashe ka san mota." Muka ɗan zaga a kan wani shimfiɗaɗɗen titi mara rami ko ɗaya, wanda har yau ban sake gano inda yake a Kano ba. Ina shirin hawa babban titi ya ce mu juya, kada mu ƙona wa Hajiya mai.

Ladan na kiran salla wayarsa ta yi ƙara. Ya rufe bakinta da hannu ya ce, "Alhaji, wani mutumin Katsina ne, ya wuce Bichi da kuɗi a jaka. Amma ni jinina da naka ya haɗu." Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce in dubi girman Allah. Na sake ƙarawa, ya yi waya da wani wanda ban ji muryarsa ba, ya ce an sallama. Takardu suna cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Ta kwastan ce kawai babu, tana jakar Alhaji, shi kuma ya tafi Umara, da ya sauka za a aiko mini har gida. Na biya, na ba da la'ada, har da ɗan ihsani a kai.

Washegari da sassafe maƙwabta suka taru yin Allah ya sanya alheri. Uwargida ta fito da sabon mayafi, yara sun riga sun raba kujeru. Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Na sake murɗawa, ta yi wani ƙas-ƙas-ƙas. Liman ya ce a tura. Matasan layi suka tuɓe riguna, muka kai ta har bakin masallaci muka dawo, sai wani yaro ɗan sakandare da ke tsaye da burodi a hannu ya ce, "Baba, ai mai giyar otomatik ba ta tashi da turi." Na ce wa ya tambaye shi. Da aka jona mata batirin wani maƙwabci ta tashi, sai ta saki wani hayaƙi shuɗi wanda ya watsa taron addu'ar tun kafin a shafa.

Haka na koma wajen bakaniken nan na bayan layi. Bai ce mini komai ba sai, "Oga, barka da arziki." Na fi son a ce ya zage ni.

Ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya juyo mini da cikinsa. Wani abu ne fari-fari mai kauri ya manne a jiki, kamar kunun gyaɗar da ya kwana. Ya ce ruwa ne ke haɗuwa da mai, gasket ɗin kan inji ya ƙone, alamar ta sha zafi ba sau ɗaya ba. Shuɗin hayaƙin nan kuma inji ne ke ƙona baƙin mai; da fari ne mai kauri, ruwa take sha, da baƙi ne, fetur ya yi mata yawa. Ya ce tawa, in aka yi haƙuri, za ta iya nuna mini duka ukun. Man da ke cikinta ma mai kauri aka zuba don ya danne ƙara, kuma inji in ya ɗau zafi yakan ɓoye rabin ciwonsa, shi ya sa mai saye ke zuwa da sanyin safiya ya ji tashin farko da kunnensa. Wankin injin da ya burge ni kuwa, ya ce in ba shi mako guda zan ga inda take yoyo.

Sai ya ce in murɗa makulli ba tare da na tayar ba, in gaya masa fitilun da suka kama a gabana. Na lissafa masa. Ya ce, "Ina mai hoton inji?" Na ce babu, ai lafiyarta ƙalau ke nan. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe wannan fitilar dole ta kama in an murɗa makulli, sannan ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne don ta daina tona asiri. Ya kira yaronsa ya kawo 'yar na'ura, ya soka a wani rami ƙarƙashin sitiyari, wanda ya ce duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da shi. Na'urar ta dinga jero laifuffuka, yaron yana karantawa, ni ina cewa to. A ciki har da abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi: an fafe shi an sayar, saboda ƙarafa masu tsada irin su falatinum da ke jikinsa.

Na ce aƙalla dai ba ta shan mai. Ya nuna mini wani rubutu a kan injin: V6. Na ce na gani tun jiya, na ɗauka sunan samfurin ne. Ya ce fulogi shida ke nan, Oga, uku a gaba, uku sun ɓuya a baya.

Daga nan muka ƙulla zumunci da shi, irin wanda ba a kwana biyu ba a ga juna ba. Albashi in ya shigo, gaisawa kawai muke yi ya wuce gareji. Tafiya ɗaya na gwada yi da ita zuwa Zariya ɗaurin aure. A shingen farko jami'ai suka nemi takardar kwastan, na ce tana Umara. Suka dubi juna. Ɗaya ya yi mini bayani cikin ladabi cewa tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka mota ba takarda, ba wanda zai rantse ba ta daji ta biyo daga Kwatano ba. Da ƙyar da magiya aka ce in je in kawo. Wajen Kwanar Dangora kuma allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe. Wani mai faci a bakin hanya ya taso da jarkar ruwa tun ban kira shi ba, ya zagaya ta, ya shafa bayanta ya ce, "Ikon Allah, tana nan da ranta? Ai da Kaduna take lodi, mutum huɗu a baya biyu a gaba." Na ce ta Hajiya ce. Ya ce to, wataƙila Hajiyar ce ke bin dare.

Ɗaurin auren dai a waya na yi musu Allah ya ba da zaman lafiya.

Da abin ya ishe ni na manna mata takardar sayarwa a gilashi. Ba a jima ba wani ya yi waya ya ce zai zo gani, amma da sharaɗi: bayan sallar asuba, kuma kada in tayar da ita. Ina buɗe ƙofa na ga dillalina, da tocila a hannu da yaro a bayansa.

"Malam, ina kwana." Laƙabin Alhajin da ya naɗa mini ya zube a hanya.

Ya fara ɗora bayan hannu a kan bonet ya tabbatar da sanyi. Sannan ya zaro maganaɗisu naɗe a hankici ya bi jikinta da shi. A rufi ya kama, a ƙofar direba ya faɗo, a gefen baya ya sake faɗowa. Ya ce, "Nan duk fila ce, ba ƙarfe. Ta sha duka." Ya nuna mini yadda tazarar bonet ta dama ta fi ta hagu faɗi, da sawun sifana a kan notocin da ke riƙe da gefen gaba. Rana na fitowa ya ja ni baya ya ce in duba da kyau. Wallahi launi uku ne a jikin motar nan, ni kuwa duk zaman da muka yi ɗaya nake gani.

Ya haska lambar shasi ta ƙasan gilashin gaba, ya ƙirga da yatsa. Ya ce guda 17 ne, na goma shi ke faɗin shekara. Tawa 2 ce. "'Yar 2002 ce, Malam. Fitilun kawai aka sauya mata." Ya duƙa wajen taya ya karanta wasu lambobi huɗu a gefenta, 3514, ya ce mako na 35 a shekarar 2014 aka yi ta, ko zanenta bai cinye ba robar ta mutu. Ya dubi lambar tafiyar da ke allo, ya dubi robar birki da ta suɗe har ƙarfe ya fito, ya ce waɗannan biyun ba su taɓa haɗuwa ba, an mayar da agogo baya. Kuma abin da ya rage ɗin ma mil ne ba kilomita ba, sai na ƙara fiye da rabi a kai.

Bai tsaya nan ba. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga wani layin laka a jiki. Ya ɗaga kafet ya sansana, ya fitar da safaya ya nuna mini tsatsa da yashi a raminta. Ya ce ta yi iyo. Irin motocin da ambaliya ke cinyewa a Amurka ne, kamfanonin inshora su yi gwanjonsu, a loda a jirgi a kawo mana, wayoyinsu su yi ta ruɓewa a hankali. Ya zaro sandar man giya, ya ce ja ya kamata ya gani, ga shi ya yi baƙi yana ƙauri. Muka fita gwaji, ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya nemi layin da ya fi kowanne rami a unguwar. Ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ƙafar gaba ta ce ƙat-ƙat-ƙat. Kowace ƙara ta fito sai ya kira sunanta da kuɗin gyaranta.

Da muka dawo ya karɓi ambulan, ya gwada lambar shasin takarda da ta jikin mota harafi bayan harafi. Sannan ya ɗago.

"Ina ta kwastan?"

Na ce, "Tana wajen Alhajinka da ya tafi Umara."

Ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya. Amma gaskiya mota ba duti sai an rage kuɗi sosai."

Na ce, "Bawan Allah, ba kai ka sayar mini da motar nan ba?"

Ya ce, "Ni na sayar, Malam. Ai ba ni na saya ba."

Ya taya ta kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya, ya ce wannan ma don jininmu ya haɗu ne. Na ce albarka. Ya ce in yi shawara da iyali, ba gaggawa, shi bai ga wani mutumin Katsina a hanya ba. Uwargida daga bayan ƙofa ta ce a sallama. Ya ƙirgo kuɗin a gabana, ya zare wasu daga sama ya sa a aljihun gaba. Na ce wannan fa? Ya ce la'ada ce, tunda shi ya kawo mai saye.