"Mun gane, mushe" ba ta nufin ƙafa ta gane

Masu koyar da rawa a ƙungiyoyin matasa da lakwal-lakwal (makarantun boko) na Zinder, ku yi haƙuri in taɓo abin da ke cinye mana lokacin bita, wato yawan bayani. Malami ya tsaya gaban yara ashirin ya yi minti goma yana zuba, sannan ya ce "kun gane?", su haɗa baki su ce "mun gane, mushe", wato "mun gane, malam". A saki kiɗa, rabi su yi gabas, rabi su yi yamma. Ba ƙarya suka yi masa ba. Yaron da ya tashi a unguwar Birni ko Garin Malam ba zai dubi idon babba ya ce bai fahimta ba, domin a wurinsa rashin ladabi ne. Saboda haka a daina tambayar. A ce su taka sau biyu kawai, malami ya zuba wa ƙafafu ido.

Kunne ake fara koyarwa. Minti biyar na farko kowa ya tsaya a da'ira, tafi kawai, har kowa ya kama bugun da ƙafa za ta sauka a kansa. Wanda tafinsa ke makara, takunsa ma zai makara, kuma a nan gyaran ya fi sauƙi. Ƙirga ɗaya zuwa takwas da matasa suka ɗauko daga bidiyoyin TikTok yana aiki ga rawar zamani, ban musa ba. Amma kalangu magana yake yi: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, mai rawa kuma jimlar yake amsawa. Kiɗan gargajiya da yawa uku-uku yake tafiya, in ka cusa shi cikin takwas dole yaro ya yi ta tuntuɓe a wuri guda, kai kuma kana cewa ba ya da kai. Ka faɗi kiɗan da baki, "din-din kadan, din-din kadan", su maimaita, su taka suna faɗi. Abin da baki ya iya rerawa ƙafa ba ta cika ɓata shi ba.

Sai wurin tsayuwar malami. Mafi yawan wuraren bitarmu ba madubi, fili ne ko harabar lakwal. In ka fuskanci yara ka ɗaga dama, su hagu za su ɗaga, don abin da ido ya gani suke kwaikwayo. Sabon taku, ka juya musu baya ka yi shi sau huɗu suna bin ka, sannan ka juyo ka duba. Kalmar "hagu" da "dama" ma tana rikita ƙanana da zarar an fara juyi. Ka ce "wajen ƙofa", "wajen dogonyaro", ko gabas da yamma, tunda duk wanda ke sallah ya san gabas. Sahu kuma kada a yi shi ƙeya bayan ƙeya, na baya ya tsaya a tsakanin mutum biyu na gaba, a riƙa juya sahun duk minti biyar. In ba haka ba gwanaye su mamaye gaba, masu kunya su maƙale a baya suna kwafar kuskuren juna har wata guda.

Gyara ɗaya ake yi a lokaci ɗaya. Ƙafa tukuna, sai kugu da kafaɗa, hannu a ƙarshe. Malamin da ya ce "durƙusa kaɗan, saki kafaɗa, ɗaga kai, yi murmushi" a numfashi guda, ba ko ɗaya da zai zauna. Kuma "ba haka ba ne" ba gyara ba ce. Ka faɗi abin da za a yi: "nauyinki ya koma ƙafar baya kafin ki juya". Budurwa 'yar shekara goma sha huɗu in ka kira sunanta ka gyara ta gaban samari, jikinta zai sandare, wataƙila gobe ba za ta dawo ba. Ka gyara wa sahun gaba ɗaya, ta ji nata a ciki. Taɓa jikin ɗaliba don gyara tsayuwa kuwa, a bar wa babbar ɗaliba ko malama. Iyaye a garin nan da ƙyar suke barin 'ya'yansu mata su zo rawa, kuskure ɗaya ya isa a rufe ƙungiya.

Rawar takai ta fi kowace tona asirin malamin da bai iya isar da saƙo ba. Kowa da sandarsa a da'ira, ka buga da na gabanka, ka juya ka buga da na bayanka. Mutum ɗaya ya juya ta inda ba a juyawa, sanda ta sauka a yatsun wani. Don haka a fara ba sanda, tafin hannu da tafin hannu, a tsayar da ɓangaren juyi guda, tazara ta kai tsawon hannu da sanda. Sai da'irar ta zagaya sau uku ba karo kafin a raba sanduna, kuma a hankali.

Zamanin Samariya, wato ƙungiyoyin matasa na Nijar, a mulkin Seyni Kountché da ya fara a 1974, ƙungiyoyin unguwanni da makaɗansu suke bita. Yau salula da sifika ne, saboda sallamar makaɗi sai da kuɗi. Asarar ita ce salula ba ta ganin wanda ya makara, makaɗi kuwa yana gani, ya ja kiɗan baya kaɗan har a haɗu. In kuɗin ƙungiya bai kai ba, a gayyato shi ko sau ɗaya a mako, don sauran ranaku a ɗauki kiɗansa a salula iri biyu, mai sanyi da mai zafi. Kuma tun kafin a fara, malami da makaɗi su daidaita alamar canjin taku da ta tsayawa, yara su ji ta sau da yawa har su gane ta ba tare da an yi musu tsawa ba.

A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, bita kafin la'asar wahala ce kawai. Tsakanin la'asar da magariba awa ɗaya da rabi ta isa, da hutun shan ruwa duk minti ashirin. Siminti yana cin gwiwa, yashi mai zurfi yana jinkirta taku, ƙasa mai tauri da aka share aka yayyafa wa ruwa ta fi. Bita biyu na ƙarshe kafin wasa a yi su da cikakkiyar shiga da kacau-kacau a ƙafa, domin zanen da aka ɗaure tamau yana rage faɗin taku, kacau-kacau kuma yana fallasa duk wanda ya sauka bayan bugu.