Dokin da ya mutu kafin a yanke masa shari'a

Nan Amurka har yau masu dawaki ba su bar zancen Medina Spirit ba, dokin da ya zo na ɗaya a babbar gasar sukuwa ta Kentucky Derby ran 1 ga Mayu 2021. Da an gama sukuwa, kafin dokin da ya ci ya koma barga, sai a ja shi gefe a ɗebi jini da fitsari, a raba gida biyu, a liƙe da lamba. Kashi ɗaya ya tafi wurin awo, ɗayan a ajiye ko mai horarwa zai yi gardama. Awon farko na Medina Spirit ya nuna betamethasone, maganin kumburin gaɓa, pikogram 21 a mililita guda na jini, na biyu ya tabbatar. Giram ɗaya a raba shi gida tiriliyan, shi ne pikogram.

Maganin ba haramtacce ba ne. Dokar jihar Kentucky ta lokacin dai ta ce a bar kwana 14 tsakanin allurar da sukuwa, ranar kuma kada a samu ko ɓurɓushi. Dokin da aka kashe wa zafin gwiwa ba ya sanin yana da ciwo, gudu zai yi ta yi har ƙashi ya karye. Kuma laifin na mai horarwa ne, ko da yaron barga ne ya yi ɓarnar. Wannan kam na yaba musu. Bob Baffert, mai horar da Medina Spirit, ya sha dakatarwar kwana 90 da tarar dalar Amurka 7,500, aka karɓe ladan dala miliyan 1.86 aka ba Mandaloun, dokin da ya zo na biyu.

Amma sai Fabrairu 2022 hukuncin ya fito. Wata tara lauyoyi na jan magana, wai ba allura ba ce, man shafawa ne, Otomax, don ƙurajen fata. Lauya na da hakkin kare wanda ya ɗauke shi, amma doki wa ya tsaya masa? Tun Disamba 2021 ya faɗi matacce a filin sukuwa na Santa Anita, yana da shekara 3, awon gawa bai gano takamaiman dalili ba.

Na sani, a gida Damagaram ba a awon jinin doki, tramol kuma na yawo a kasuwa, ya kamata mu ji tsoro. Sai dai dokinmu ba haja ba ne. Mai shi ya san mudun geronsa da kanwarsa, da asuba shi ke shafa ƙafafunsa a turke. In ya ji ɗumi a gwiwa, an fasa kilisa ke nan. Wanda ya sukwani gurgun doki a ƙofar fada ran hawan salla, kafin magariba Birni da Zango duk sun ji, kuma 'ya'yansa ma za su gaji zancen.