Ranar da na gwada fara'a a ofis

A ofishinmu da ke Wuse a Abuja, Hadari ake kirana a bayan idona. Na sani, ina dai yin kamar ban sani ba. To wa zai ga laifina? Mutumin da ke barin Mararaba da an sallame sallar asuba, a cusa shi a motar haya, huɗu a baya biyu a gaba, ya yi ta jiƙa a cunkoson Nyanya, a ina zai samo fara'ar shiga ofis? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya murtuke wa mutum fuska.

Uwargida ce ta ja min. Wani daren Lahadi ta ce, "Baban Abba, kai ko yaran nan da sun ji sallamarka sai su kashe talabijin. Shimfiɗar fuska fa ta fi ta tabarma. Gwada mana, ko na yini ɗaya ne." Na ce to, gobe. Har gaban madubi na tsaya ina gwaji, Abba ya leƙo ya ce, "Baba, haƙori ke maka ciwo?"

Da safe na isa bakin get na washe baki kamar gonar auduga. "Baba, an tashi lafiya? Ya iyali?" Baba mai gadi ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake. Da ya tabbatar da shi ne, sai ya miƙe har da gyara hula: "Masha Allah, Yallaɓai! Ƙarin girman ya fito ke nan. A ba mu na goro." Dubu ɗaya ta tafi, tun ban ga kujerata ba.

Hajiya ta sashen kuɗi ta fi ƙarfina. Na gaishe ta, har na yaba mayafinta. Ta sauke tabarau zuwa karan hanci, ta ƙare min kallo, ta ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. 'Yar ina ce?" Na ɗauka raha ce, na ƙyalƙyale da dariya na wuce. Ashe dariyar nan sa hannu na yi. Kafin azahar mutum uku sun riƙe min hannu a ƙofar masallaci suna cewa Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ni kuma, sakarai, ina ta amin.

Oga shi ma ya ci rabonsa. Ya ce tunda yau ina cikin walwala, ga fayil goma sha biyu, Asabar ma in leƙo.

Wajen taron ƙarfe uku aka yi ta ta ƙare. Oga ya fara da labarin yadda wata tasi ta goge masa sabuwar mota a shatale-talen Berger. Kowa ya sunkuyar da kai ana "ash-sha, Allah ya tsare gaba." Ni kuwa awa bakwai ina murmushi, kumatuna sun ƙage, na nemi fuskata ta kullum na rasa.

"Malam, abin dariya na faɗa?"

"A'a, ranka ya daɗe, jajantawa nake."

Da haƙora a waje na faɗa. Kafin tashi takardar kweri ta iso teburina, wai in ba da amsa cikin awa 24.

Na isa gida bayan isha'i, talabijin a kashe, tukunya a kife. Uwargida na zaune a tsakar ɗaki riƙe da waya. "Hajiya ta kira ni tana ba ni haƙuri, wai kishiya ba mutuwa ba ce. Shi ya sa har da kallon madubi, ko?" Sai da na yi rantsuwa har murya ta dushe, aka ba ni garin rogo.

Washegari na shiga get da fuskata ta gado. Baba mai gadi ya dube ni, ya girgiza kai cike da tausayi.

"Af, Yallaɓai. Sun hana ka ita ne?"