"Ku yi iyo mana, ai ku 'yan ruwa ne"

Yau kwana uku ke nan, kuma har yanzu in na tuna zuciyata tafasa take yi. Shekara 23 ina zaune a Aboabo ina taka keken ɗinki, babu irin rashin mutuncin tashar mota da ban gani ba a garin nan na Kumasi, duk na haɗiye kamar yadda kowannenmu yake haɗiyewa. Na ranar Asabar ɗin nan ne ya tsaya mini a maƙogwaro, domin Gwaggona aka yi wa, ina tsaye ina kallo.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mana a ɗakinsu, ta haura shekara 70. A Makango take zaune, tsallaken tafkin Volta daga Yeji. Yana ce ta rufe mata ido biyu, muka yi karo-karo muka kawo ta Kumasi aka yi mata aiki a na dama. Likita ya ce a kiyaye ta daga ƙura da jijjiga, ta dawo bayan mako shida a duba, sannan a sa ranar na hagu. Mako biyu ta yi a wurina ta ce ita fa sai gida, jikokinta da awakinta suna can. Na yi lallashi har na gaji.

Duk ɗan hanyar nan ya san lissafinta. Kumasi zuwa Yeji ya fi kilomita 200: ka hau dutsen Mampong, ka wuce Ejura, Amantin, Atebubu, Prang, sannan ka hango ruwa. In motarka ba ta tashi da sassafe ba, jirgin fito na ƙarshe zai tafi ya bar ka a gaɓa. Shi ya sa tun ranar Juma'a bayan La'asar na taka da ƙafata zuwa tasha, na sami bukman, mai yankar tikiti, na yanki tikitin mutum biyu, ita da jikanta ɗan shekara 14 da zai raka ta, na ɗora sidi 30 a kai don a ajiye mata kujerar gaba. Na gaya masa dalili. Ya ce, "Baba, an gama." Ya juya tikitin ya rubuta a bayansa da hannunsa.

Asabar muna idar da sallar Asuba muka shiga pragya, babur mai ƙafa uku. Muka tarar da mota kamar saura mutum uku ta cika, kun dai san irin cikar nan, ta zauna-gari-banzan da ake ba na koko su zauna a ciki, fasinjan gaske na zuwa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. A kujerar gaba kuwa wani saurayi ne ya miƙe ƙafa, waya a kunne.

Na je wurin bukman na ce, "Samari, ina kwana. Ga tsohuwar da na biya wa gaba jiya."

Bai ɗago ba. Kuɗi yake ƙirgawa, yana lasar yatsa. Na jira ya kai ƙarshen damin, na maimaita. Ya ce, "Gaba ta tafi."

Na ce, "Ta tafi ina? Ga rubutunka."

Ya karɓi tikitin da yatsa biyu, ya juya shi, ya kalli rubutun nasa kamar yau ya fara ganinsa, ya miƙo mini. "Wannan na jiya ne. Yau wani ya ba da abin da ya fi naka."

Na danne zuciyata. Na ce, "Ɗana, dubi matar nan. Aikin ido aka yi mata, likita ya hana ta jijjiga. In ƙari kake so faɗi, zan ƙara."

Ya yi tsaki mai tsawo, irin wanda ko ƙaninka ba za ka yi wa ba. Ya ce, "Kai dattijo, ka cika ni da surutu da safen nan. Nan tasha ce, ba asibiti ba. In ba ta iya zaman mota ka ɗaukar mata jirgin sama."

Duk wannan Gwaggo na tsaye a bayana, ta riƙe gefen rigata, baƙin tabaraun da asibiti suka ba ta a fuskarta. Ta ja ni a hankali ta ce, "Ɗan nan, bar shi, ko'ina ma na zauna." Sannan ta juya wajen da take jin muryarsa, don ba ganinsa take yi sosai ba, ta ce, "Jikana, don Allah motar za ta tashi da wuri kuwa? So nake in riski jirgi."

A nan ne ya ɗago. Ya dube ta daga ɗankwali har silifa, ya dubi abokansa da ke kan benci, ya tabbatar suna saurare, sannan ya ce, "Ke tsohuwa, ni na ce ki je ki zauna a bayan ruwa? In kun makara ku yi iyo mana, ai ku 'yan ruwa ne. Da ku da kifin naku duk warinku ɗaya."

Suka kwashe da dariya.

Da Hausa ya faɗi maganar nan, jama'a. Ba da Tuwi ba, ba da Turanci ba. Da bakinmu, da hular sallah a kansa, da tabon goshi. Da wani baƙo ne da ban ji zafinta haka ba. Gwaggo ba ta ce uffan ba, sai dai na ji hannunta ya saki rigata. Fasinjoji fiye da goma a wurin, har da mata sa'o'in 'ya'yanta, har da mai gemu riƙe da carbi, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Saurayin da ke gaba ya leƙo, ya ga komai, ya ɗaga gilashi. Na nemi sidi 30 ɗina, bukman ya nuna jakarta da ɗan buhun garin da maiɗakina ta haɗa mata ya ce ya zama kuɗin kaya. Na je wurin shugaban tasha, dattijo kamata, ya saurare ni yana tauna goro ya ce, "Malam, yi haƙuri, yaran yanzu ne." Ko kiran yaron bai yi ba. A layin ƙarshe aka cusa ta, daidai kan taya, kuma motar da aka ce ta Asuba ce sai wajen ƙarfe goma saura ta ɗaga.

Ina so in tambayi yaron nan, da ubansa, da duk wanda ya yi dariya: ta ina kuke tsammani Hausar da ke bakinku ta shigo Kumasi? Ta jirgin sama? Fataken Kano da Katsina da suka yi ta fataucin Gwanja, wata da watanni a ƙasa da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fata suna komawa da goro, Salaga ce kasuwarsu. Goron kuwa daga kurmin Asante yake fitowa, kuma sai ya ƙetare kogin Volta kafin ya isa can, mashigin Yeji na cikin manyan ƙofofinsa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu Yeji, Kete Krachi, Kintampo, wasu suka gangaro har nan. Zangunan da muke tinƙaho da su yau, da yawan gidajensu in ka bi salsala sai ka tarar da kakan da ya taɓa zama a gaɓar nan yana jiran mai fito. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda malamanmu har gobe suke ambato da girmamawa, a garin bakin ruwa ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. Shi ma ɗan ruwa ne ke nan?

Kuma Gwaggo ba ita ta je bayan ruwa ba, ruwa ne ya zo ya same ta. Tana yarinya kogi ne tsakanin Yeji da tsallake, kana gaɓar nan kana hango wanda ke waccan. Babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta nan ta bi, ta ƙetare a Yeji ta shige Salaga. Mahaifina yakan ba mu labarin manyan motoci jere suna jiran fito, masu tuwo da masu shayi ba sa barci, kowane gida da baƙonsa. Aka fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Ruwa ya taso ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutum wajen 80,000 daga gidajensu, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete Krachi ya nutse. Gonaki, makabartu, tsohon mashigin da kakanninmu suka sani, duk suna ƙarƙashin ruwa. Hanyar Arewa ta koma ta Techiman da Kintampo, ta hau gadar Buipe da ta Yapei, aka bar Yeji a ƙarshen kwalta, aka bar Salaga da Makango suna kallon ruwa.

Me aka ba su a madadin wannan? Wutar da ruwansu ya haifar ta tafi Accra da Tema, kamfanin narka alminiyam ya sha ta da araha shekara da shekaru, mu ma a Kumasi da ita nake kunna dutsen guga. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Har yau akwai ƙauyukan masunta a tsibiran tafkin nan da fitilar toci suke kwana, suna zaune a kan ruwan da ke haska ƙasa.

Ba gada muke roƙo ba, mun san faɗin wurin. Jirgin fito muke so wanda zai tashi a lokacin da aka ce zai tashi. Sau nawa na isa Yeji aka ce mini injin ya lalace, ana jiran kayan gyara? Ranar da na je jana'izar mahaifina a gaɓa na yini, ina hango inda ake binne shi a zuciyata, ban samu sallarsa ba. In jirgi ya tsaya, sai kwalekwalen katako mai inji, a loda mutum, a loda doya, a loda babur, wani lokaci har da shanu, ruwa na taɓa leɓen jirgi. Rigar ruwa kuwa in ka ga guda biyar a rataye ka yi sa'a. Ƙarƙashin ruwan kuma ga kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin a cika tafkin, shekara 60 suna tsaye suna jiran cikin jirgi. Duk gidan da ke gaɓar nan yana da wanda ruwa ya ci. In an yi hatsari sai manya su zo da motoci masu jiniya, a raba rigunan ruwa a gaban kyamara, a yi alkawarin cire kututture, a tafi. Sai wani hatsarin.

Masu lema, wato jam'iyyar NDC, sun yi mulki, masu giwa na NPP sun yi, sojoji ma sun yi nasu. Lokacin zaɓe duk sun san hanyar Yeji, har tsibiri suna shiga da kwalekwale su kai akwatin ƙuri'a, ranar ba a jin injin ya lalace. An yanka sabuwar jihar Bono ta Gabas, aka ce mulki ya matso kusa da talaka, Yeji ce hedikwatar gundumar Pru ta Gabas. To, ya matso. Ramukan hanya bayan Atebubu ba su matsa ko'ina ba, 'yan fashin dare ma haka. Alhali kasuwar Litinin ta Yeji tana cikin manyan kasuwannin kifi na ƙasar nan. Bato da Ada da Fante suna kamawa, matan Chumburu da Gwanja da Hausawa suna bandawa suna sayarwa, Konkomba na kawo doya, ana lodin kwanduna zuwa Kumasi da Accra. Mai karɓar haraji bai taɓa makara a kasuwar nan ba ko sau ɗaya. Kifin da yaron nan ya ce yana wari, shi uwarsa take sa masa a miya, kuma kuɗin masu kifin ne ke cika motar da yake ci da ita.

Mu ma Zango sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mun iya cika Prang lokacin Maulidi, motoci ɗari-ɗari a kan wannan hanyar, kowa da farar riga. Amma tsohuwa mai ɗaurin ido ta tsaya a tasharmu a ci mutuncinta, ba a sami mutum ɗaya da zai ce "kai, bari" ba. Tashoshin nan namu ne, shugabanninsu a sahun gaba suke sallah tare da mu, sarakunan Zango sun san su ɗaya bayan ɗaya. An bar yara suna sayar da kujera ɗaya sau biyu, an sa wa abin suna neman abinci. Wanda aka zalunta kuma shi ake ba haƙuri. Na gaji da wannan haƙurin da kullum mai rauni ake ɗora wa.

Yinin Asabar ban iya zare ko ɗinki ɗaya ba, waya na hannuna. Taya ta fashe musu bayan Amantin, suka yi fiye da awa a rana. Sun shiga Yeji ana kiran Magariba, jirgi ya daɗe da tafiya. Yaron ya kira ni ya ce akwai masu kwalekwale suna cewa za su ƙetare da duhu in an cika. Na haɗa shi da Allah kada su shiga. Wata mai bandar kifi da ba ta san su ba ita ta ba su tabarma a rumfarta, ta ɗumama wa Gwaggo ruwa, ta riƙe musu toci yaron ya ɗiga mata maganin ido. A cikin hayaƙi ta kwana, ita da aka ce ko ƙura kada ta taɓa ta.

Lahadi da hantsi suka ƙetare. Da yamma na kira, idon ya yi ja yana ruwa. Na ce mata Gwaggo, saura mako huɗu ki dawo a duba, wannan karon da kaina zan zo in ɗauke ki. Ta yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke. Sannan ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Amma na hagun nan a bar shi haka, ɗaya ya ishe ni. Ba na sake taka tashar nan."